Daga Katako: Dutsen Mars ya tafi, wa ya tuna da Kilba?

Duk wanda ya taɓa wuni a kasuwar Katako ya san nan ba a yar da kome. Tsohuwar ganga takan koma murhu, gwangwanayen lemo da mataccen injin mota su narke su tashi tukunya, ƙarfen da wani ya watsar a juji ya hau sikeli a biya shi kilo-kilo. A duk faɗin birnin Yamai babu waɗanda suka kai mutanen wannan kasuwa sanin cewa darajar kaya tana wurin wanda ya san kayan. Saboda haka ranar da labari ya shigo rumfuna, cikin watan Yuli na 2025, cewa an yi gwanjon wani dutse na ƙasar Nijar a birnin New York na Amurka, har aka saye shi dalar Amurka miliyan 5 da dubu 300, babu hirar da aka yi sai ita har aka kira la'asar.

Wani dattijo mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda nakan zauna a bencinsa in na taso daga aiki, ya jawo salularsa ya buga lissafi. Dutsen bai cika kilo 25 ba, kuɗin kuwa sun tasam ma miliyar 3 na sefa, ke nan kilo guda ya haura miliyan 100. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ka yi lakwal, wane irin dutse ne wannan da kilonsa ya ninka na zinariya?" Na ce, "Baba, ba na duniyar nan ba ne. Daga duniyar Mars ya ɓalle, ya yi ta yawo a sarari, Allah ya nufa a ƙasarmu zai sauka." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, mu da aka jefo wa, mutum nawa ne cikinmu za su gane shi in sun taka shi?"

Ga abin da aka tabbatar. An tsinci dutsen a jihar Agadas cikin watan Nuwamba na 2023, kuma shi ne mafi girman ɓallin duniyar Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa. Ya bi ta Italiya kafin ya isa hannun kamfanin gwanjo na Sotheby's, wanda ya ce takardun fitar da shi cikakku ne. Sunan da masana suka ba shi, NWA 16788, ko Nijar bai ambata ba, haruffan na nufin Arewa maso Yammacin Afirka ne kawai. Gwamnati ta ba da umurnin bincike, kuma a watan Agusta na 2025 ta dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da waɗanda suka faɗo daga sama. Matakin ya dace, ban musa ba. To amma ihu ne bayan hari. Wanda ya tsinci dutsen, kamar yadda masu gwanjon suka faɗa, mafaraucin irin waɗannan duwatsu ne, ya san abin da ya fita nema cikin rairayi. Mu ne ba mu sani ba. Rashin sani, in ji masu magana, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Tambayar dattijon nan ce ta tuno mini da wani ɗan littafi da na fara gani ina yaro, a jakar wani kawuna da ke fatauci tsakanin Maraɗi da Kano. Sunansa Tauraruwa Mai Wutsiya, marubucinsa Umaru Dembo, kuma kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga shi a 1969. (Kamfanin ɗab'i nake nufi, kada mai karatu ya ɗauka na man fetur ne.) Labari ne na wani yaro, Kilba, wanda ya gamu da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, suka yi tafiya tare cikin sararin samaniya. Masu nazarin adabi, har da na ƙasashen Turai, suna lissafa shi cikin ƙagaggun labaran kimiyya na farko-farko da aka rubuta da wani harshe na Afirka. A nan gida kuwa ka tambayi ma'aikata goma a kowane ofishin minista, da wuya ka sami guda da ya taɓa jin sunansa.

A duba shekarar da kyau. A cikin watan Yuli na 1969 ɗin ne kumbon Apollo 11 ya sauke mutum a kan wata, mutanenmu suna ji a rediyo, wasu na gaskatawa, wasu na cewa ƙaryar Nasara ce. Kafin nan ma sama ta riga ta leƙo ƙasar Hausa: Amurkawa sun kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka bibiyi John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya a watan Fabrairu na 1962. A cikin wannan yanayi ne Dembo ya ɗauki alƙalami. Kafin shi, in jarumin littafin Hausa zai bar duniyar da muka sani, aljannu ne ke ɗaukarsa, kamar yadda aka yi wa Ganɗoki. Dembo ya riƙe tsohuwar hanyar ba da labari, yaro da baƙo da doguwar tafiya, amma ya sauya inda aka nufa. Har sunan da ya zaɓa abin lura ne. Tauraruwa mai wutsiya, a wurin kakanninmu, alamar tsoro ce, in ta fito sai a ce wani babba zai faɗi ko wata masifa na tafe. Shi sai ya ɗora wannan suna a bangon littafin da yara za su karanta da marmari.

Ba ina cewa littafin ya koyar da lissafin harba kumbo ba ne. Aikin da ya yi ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuyar samu. Ya sa yaro Bahaushe ya ga mai irin sunansa, mai irin maganarsa, a can sama. Mu da muka tashi muna sanin Zara da Gamzaki da Kaza da ƴaƴanta, muna kallonsu daga tabarma a tsakar gida, ba wanda ya taɓa ce mana wurare ne da ake iya auna nisansu, balle a je. Yaron da ya karanta Kilba, ko bai zama kome ba, ya san duwatsu na yawo a sama, kuma wanda ya san haka ba zai taka baƙin dutse mai nauyi a hamada ya wuce ba.

Wanda yake ganin wannan duk tatsuniya ce, to ya ɗaga kai ya dubi rufin gidajen Bukoki. Kowane parabol da ke kafe a can, bakinsa a sama, ba ya motsi dare da rana, shaida ne a kan wani marubucin irin waɗannan labarai, Baturen Ingila Arthur C. Clarke, wanda aka haifa a 1917, ya rasu a Kolombo ta ƙasar Siri Lanka a watan Maris na 2008. Lokacin yaƙin duniya na biyu hafsa ne a rundunar sojan sama, yana aikin na'urar hango jirage. Da yaƙi ya ƙare, a watan Oktoba na 1945, ya buga wata ƴar maƙala a mujallar masu sana'ar rediyo mai suna Wireless World. Abin da ya ce a ciki kowane ɗan kasuwa zai iya bin sa. In aka harba abu ya riƙa kewaya duniya, gwargwadon nisansa gwargwadon daɗewar zagayensa. Na kusa-kusa yakan gama cikin minti 90, wata kuwa da ke can nesa sai ya yi kwana 27. To a tsakani akwai wani nisa, kimanin kilomita 36,000 a saman layin da ya raba duniya gida biyu, inda zagaye guda ke cin kwana ɗaya cif, daidai da juyawar ita duniyar. Abin da aka ajiye a wurin, mai kallo daga ƙasa zai ga kamar ya tsaya cak, kamar shaho ya kafe a iska. Ka ɗora tashoshi uku a can, ka raba musu sama daidai wa daida, muryar rediyo da hoton talabijin sun isa kusan duk inda ɗan adam ke zaune.

Ba shi ya fara hango wannan da'ira ba, wasu masana a Rasha da tsakiyar Turai sun riga shi. Shi ne dai ya bayyana amfaninta ga sadarwa filla-filla, a lokacin da ko ƙusa ɗan adam bai taɓa sakawa a falaki ba, don sai a 1957 Rasha ta harba Sputnik. Bai yi rajistar dabarar da sunansa ba, bai kuma karɓi ko dala daga kamfanonin da suka yi arziki da ita ba. Ya yi kuskure a wani wurin: ya zaci dole a zaunar da ma'aikata a tashoshin don su riƙa canza ƙwayayen kwalba irin na cikin tsohuwar rediyo, sai ga shi an ƙago transista a 1947, bukatar ta kau.

Abin da ya kamata kowane ɗan makarantarmu ya sani shi ne wannan. Shekara 18 bayan maƙalar, Amurka ta harba Syncom 2, tauraron ɗan adam na farko da zagayensa ya yi daidai da juyawar duniya. Ranar 23 ga Agusta 1963 shugaba Kennedy ya ɗaga waya daga Washington, muryarsa ta hau can sama, ta sauko kan wani jirgin ruwa mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Legas. Wanda ya amsa a wannan gefe shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya, marubucin Shaihu Umar. Wato karon farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi magana ta tauraron ɗan adam, ɗayansu marubucin Hausa ne. Tun ranar farko muna bakin layin. Sai dai wayar ta wani ce, tauraron na wani ne, jirgin ma na wani ne.

Ina girmama Clarke, amma ina da ƙorafi a kansa. Shahararren aikinsa, 2001: A Space Odyssey, wanda suka yi da mai shirya fim Stanley Kubrick a 1968, a Afirka yake farawa, cikin wasu halittu masu kama da birrai suna faɗa a bakin tafki. Ɗayansu ya jefa ƙashi sama, hoto ya juya, sai ga kumbo. Daga nan Afirka ta fita daga labarin, ba ta sake dawowa ba. Mu ne jiya, wasu ne gobe. Shekara guda bayan haka Dembo ya sa Kilba a hanyar sama, kuma a ganina wannan ita ce amsa mafi kyau da aka ba fim ɗin, ko da marubucin bai nufa ba. Ita kuwa shekarar 2001 ta gaske ta zo ta wuce babu birni a kan wata, babu ma wanda ya sake taka shi tun watan Disamba na 1972. Annabci ba sana'ar waɗannan marubuta ba ce. Sana'arsu ita ce su sa yaro ya ƙi barci yana tambaya.

Yanzu bari mu zo kan siyasar abin, don da'irar nan ta Clarke kasuwa ce, kuma rumfunanta ƙidayayyu ne. Taurari biyu ba sa zama gab da juna su yi magana da murya iri ɗaya ba tare da sun dame ba. Ƙungiyar sadarwa ta duniya da ke Jeniba, wadda ma'aikatanmu suka sani da UIT, ita ke riƙe da littafin rabo, kuma tsawon shekaru ƙa'idar ita ce wanda ya riga zuwa shi ke kama wuri. Duk ɗan Katako ya san abin da wannan ke nufi: mai rumfar bakin ƙofa ba ya tashi don wani ya zo a makare. A 1976 wasu ƙasashen da ke kan layin tsakiyar duniya, cikinsu har da Kenya da Uganda da Zayar, suka taru a Bogota suka ce saman da ke bisa kansu nasu ne. Manyan ƙasashe ba su ko waiwaye su ba. Daga baya an keɓe wa kowace ƙasa ɗan gurbi a takarda, amma gurbi a takarda ba ya kawo ciniki sai an kafa rumfa an zuba kaya.

Da Afirka ta tashi kafawa, saye ta yi. Ƙungiyar RASCOM, wadda ƙasashenmu suka kafa a Abijan a 1992, ba ta ga tauraronta a sama ba sai a watan Disamba na 2007, shi ma ya sami yoyon iska tun a hanya, kwanansa ya ragu, sai da aka harba wani a 2010. Nijeriya ta sayi NigComSat-1 daga Sin, aka harba shi a watan Mayu na 2007, ya mutu a watan Nuwamba na 2008 saboda fukafukansa masu karɓar hasken rana sun lalace, aka jira har ƙarshen 2011 kafin a sami madadinsa. Ba dariya nake wa maƙwabta ba, su sun gwada, kuma sun tura injiniyoyinsu sun koyo. Ina tuna mana ne, domin mu ma mun shiga layi. A watan Nuwamba na 2024 hukumomin Nijar suka sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha a kan taurari uku, na sadarwa da na ɗaukar hoton ƙasa da na rada. A watan Maris na 2025 kuma Starlink ya fara aiki a ƙasar nan, da dubban ƙananan taurarinsa da ke yawo ƙasa-ƙasa. Ƙasa mai faɗin tamu, wadda kashi biyu cikin uku nata hamada ce, tana bukatar ido a sama, wannan babu gardama. Amma talakan da za a biya da kuɗinsa yana da haƙƙin ya ji nawa ne, a shekara nawa za a biya, da kuma hannun wa makullin zai kasance ranar da aka ɓata da mai sayarwa. Mun sha ganin yadda abokin yau ke zama abokin gabar gobe. Ikon kai da aka sayo a kwali, in babu ɗan ƙasa da ya san cikinsa, sunansa haya. Ko an tura ma'aikata ashirin horon wata shida, danna maɓalli za su koyo. Wanda zai ƙera, ko ya gyara, ko ya ce wa mai sayarwa wannan kaya bai yi ba, tun yana ɗan shekara goma ake fara yin sa.

Ba mu rasa magabaci a wannan hanya ba. A 1969 ɗin nan dai, shekarar Apollo da Kilba, Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya karɓi ragamar ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, ya riƙe shi har 1985, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da zafin rana a nan Yamai. Tun a 1964 ya buga littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya dage cewa yaro da harshen uwarsa ya kamata ya fara karatu. Ya rasu a 1991, muka sa wa jami'a sunansa, muka ajiye shawararsa a kabad. Makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, sun shekara da shekaru ana kiransu gwaji, kamar tuwon da ba a gama ɗanɗanawa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Madalla. To me yaron zai karanta da ita in ya iya? Harshe ba ya hawa matsayi da doka kaɗai. In duk abin da ke akwai shi ne littafin koyon baƙaƙe da jawabin mahukunta, yaron zai gane da kansa cewa maganar taurari da injuna sai da Faransanci, ya koma inda ya fito.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba zan raina shi ba. Zai ce ƙasar da azuzuwan zana suka kama wuta suka ci ran yara 20 a unguwar Pays-Bas cikin watan Afrilu na 2021, ƙasar da manomi ba ya iya zuwa gonarsa saboda ƴan bindiga, ina ita ina labarin sama jannati? A fara gina aji tukuna. Gaskiya ne, a gina. Sai dai mai wannan magana ya manta cewa yunwa ce da kanta ta kawo mana ilimin sama. Bayan farin 1973 ne ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a nan Yamai a 1974, kuma da hotunan taurarin ɗan adam take gane inda ruwa ya sauka, inda ciyawa ta fito, inda fara ke iya ƙyanƙyasa. Ɗan kasuwar da ke son sanin ko buhun hatsi zai hau bayan kaka, da makiyayin da ke neman inda zai kora garke, da magajin garin da ke tsoron ambaliya irin ta 2024 wadda ta kashe fiye da mutum 300, dukansu a ƙarƙashin wannan ilimi suke ci, ko sun sani ko ba su sani ba. Kuɗin buga ɗan littafi dubu biyar kuwa bai kai na motar rakiya guda a ayarin wani babba ba.

Ga ma'aikata, abin da nake nema bai fi ƙarfin sa hannun darakta ba: a nemi izinin masu haƙƙin Tauraruwa Mai Wutsiya, a sake buga shi da rubutun da makarantunmu ke amfani da shi, a juya shi zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, don sama ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni ta sami ɗakin gwajin da zai iya duba dutse ya ce na sama ne ko na ƙasa, a nuna wa ma'aikatan duwan kamanninsa, a kuma ajiye ko ɗan guntu ne a gidan tarihi na Bubu Hama inda yaro zai sa ido a kansa.

Ga ƴan kasuwa kuwa, maganar ta fi kusa. Littattafan da Hausa ke taƙama da su har yau, Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, gasa ce guda ta haife su, wadda ofishin fassara na Zariya ya shirya a 1933. Gasa ɗaya tak. Alhazan Katako da na Maraɗi, waɗanda ke gina masallatai suna kai mutane Makka, Allah ya saka musu, ba za su gaza haɗa kyautar shekara-shekara ga wanda ya fi iya rubuta labarin kimiyya da harshen gida ba. Akwai yara a kasuwar nan da ke hawa rufi su saita parabol da hannu, ba na'ura, su kamo tauraron da ke nisan kilomita 36,000 cikin minti biyar. Na tambayi ɗaya ko ya san abin da ya hana tauraron gusawa, ya yi dariya ya ce shi dai ya san inda yake. Na zana masa a ƙasa da tsinke. Kafin in gama ya karɓe tsinken ya ƙarasa da'irar da kansa, ya tambaye ni abin da zai faru in man da ke riƙe da shi a gurbinsa ya ƙare.

Na zaga masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a gefen Babbar Kasuwa ina cigiyar littafin Dembo, ban samu ba, ɗayansu ma ya miƙo mini littafin fassarar mafarki. Da na ba dattijon nan labari, sai ya ce in aka samo shi zai sayi guda 20 ya kai makarantar da jikokinsa ke zuwa. Na ba wani direban da ke bin hanyar Kano sunan littafin a takarda, da jikka biyar, ya ce zai duba a kasuwar Kurmi da Sabon Gari in ya sauke kaya.